Jan Aljihun Kawu

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Talata a tsakiyar marka, ana ruwa tun safe babu alamar ɗaukewa. Ina rumfata ta hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, ina fama da tamfol kada buhuna su jiƙe, aka kira ni. Na hau mashin haka nan ba rigar ruwa, na kama hanyar Kurfi, laka har gwiwa daga inda kwalta ta ƙare. Ko da na isa ƙauyenmu an riga an jera sahu.

Mutane sun faɗi abin da ake faɗa. Liman ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa jin an kai ƙararsa ba. Wani tsohon Bafillace ya jingina sandarsa a bakin zaure, ya zauna har la'asar, ya tashi ya tafi. Amma taubashin Kawu, wani dattijo daga Karofi da suka shekara sittin suna tsokanar juna, shi ya matse gemunsa da ya jiƙe, ya dubi jama'a ya ce:

"Ku dubi rashin kunya irin ta mutumin nan. Duk rayuwarshi yana hana mutane fita cikin marka, yau ga shi ya fiddo mu gaba ɗaya."

Aka yi dariya a wurin makoki, wallahi aka yi. Shi da ya faɗa kuwa, kafin dariyar ta ƙare ya rufe fuska da hannun riga.

Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai ranar uku ta aika aka kira ni ɗakin da take zaman karɓar gaisuwa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Ran nan ta dube ni.

"Ya nuna maka?"

Na san abin da take nufi. Na sunkuyar da kai na ce, "Bai nuna mani ba, Inna."

"Bai nuna maka ba, ko kai ne ba ka je ba?"

Na tashi na fita. Tun daga wannan tambayar har yau da nake wannan rubutu ban sake zama wuri ɗaya na ji daɗin zaman ba.

Ga abin da ake maganar nunawa. Bayan ƙauyenmu akwai wani babban dutse, ba shi da suna a takarda, mu dai dutse muke ce masa. A samansa akwai fili mai faɗi, da ƙasa da ciyawa da duwatsu a warwatse. Can kakanninmu suka zauna a da. Mutane sun yi ta saukowa gida-gida, har ya rage gidansu Kawu da wasu biyu. A can saman aka haifi Inna, kuma tana da wata huɗu mahaifiyarsu, da suke kira Iya, ta rasu cikin damina. Dutsen ya yi santsi, babu yadda za a sauko da gawa, aka yi mata sutura aka rufe ta a can. Da kaka ta zo sauran gidajen suka sauko, ba wanda ya sake komawa da zama. Inna ba ta san fuskar uwarta ba. Abin da ta sani shi ne tana can sama, kuma yayanta ya san wurin. Shi kaɗai ya sani, don waɗanda suka haƙa kabarin duk sun tafi.

Kowace shekara Kawu yakan hau sau ɗaya, ya yi mata addu'a, ya sauko ya wuce kai tsaye wurin Inna ya ce, "Na gano Iya, tana nan inda take." Inna ta ce, "Sannu, Yaya." Shi ke nan zancen. Wannan ɗan zancen shi ne abin da Inna ta samu na uwa a duniya.

Sau ɗaya a shekara, kuma ba kowane lokaci ba. Nan ne rigimar Kawu take. A wurinsa dutsen nan kwana ashirin yake da shi na hawa, in ya yi yawa. Da damina, ya ce, gansakuka tana kwance kan dutse kamar an shafa karkashi, ƙafa ba ta kamawa, ciyawar sama kuma ta fi ƙarfin mutum tsawo. Da bazara dutse yana ƙona tafin hannu, ruwan ramuka ya ƙafe, ƙudan zuma na neman inda za su huce haushi. Bayan an fara ƙona daji kuwa, saman ya koma baƙi ƙirin, wannan dutse da wancan duk ɗaya. Abin da ya rage shi ne 'yan kwanakin nan bayan ruwan ƙarshe, an ɗaure gero, wake ya fara bushewa a gona, ba a kai ga sa wuta ba.

Ba ya duba kalanda. Idan ruwa ya fara ja da baya, kullum da hantsi zai tafi gindin dutsen, ya ɗora tafin hannunsa a gefen da rana ba ta bugawa da wuri, ya tsaya kamar mai jin zazzaɓin yaro. Sai ya sa farce ya kankari gansakukar. In ta manne a farce, ya juyo gida ya ce, "Da saura." In ta tashi kamar ɓawon gyaɗa, ranar ba za ka ji ya yi wa kowa faɗa ba, gobe zai hau. Gora ɗaya ta ruwa yake ɗauka, da sanda, da takalmin taya. Ya fita bayan an karya kumallo, ya dawo kafin la'asar.

Matarsa, Hajiya, abu ɗaya ke haɗa su a wannan rana. Duk ran da ya sauko, aljihun rigarsa yakan yi ja, yatsunsa ma haka. Ta yi ta mita a bakin rijiya: "Malam, wai mi kake zubawa cikin aljihun nan? Ko sabulu ba ya fidda shi." Ya ce, "Wanke dai, Hajiya, ladarki na nan." Mu yara muka ɗauka goro ne. Da muka girma muka daina lura.

Ba ya ƙyale baƙo ya hau a lokacin da bai dace ba, ko da kuwa ba ruwansa. Wata shekara, ina gida, cikin zafin bazara da har kaji ke buɗe baki, wasu samari ɗalibai suka zo daga Dutsin-Ma a kan mashina, da fararen takalma da jakunkunan goyo, wai yawon hawan dutse. Kawu na zaune ƙarƙashin tsamiya. Ya ce musu kada su hau. Suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Baba, ai mu matasa ne." Ya ce, "Ai dutsen bai tambaye ku shekaru ba." Suka wuce. Ya shiga gida ya cika tulu, ya sa Hajiya ta dama fura da tsamiya, ya ɗauki abinsa da kansa ya hau har rabin dutsen ya zauna a wata inuwa da ya sani. Ba a yi awa biyu ba sai ga su suna saukowa da rarrafe, ruwansu ya ƙare, ɗaya zuma ta kumbura masa ido, ɗaya ba ya iya tsayuwa. Ya shayar da su, ya jiƙa rawaninsa ya ɗora wa mai jirin a ka, ya sauko da su ta wata hanya mai inuwa. Bai ce musu ai na gaya muku ba. Da za su tafi ya ce, "In kun ji an fara sussukar wake, ku dawo, ni zan kai ku." Biyu daga cikinsu sun dawo kuwa. Ya kai su har sama, suka sha hoto, amma ya bar su a bakin fili ya shiga ciki shi kaɗai. Kabarin Iya ba wurin yawon buɗe ido ba ne, na jininta ne, kuma a jininta ni ya zaɓa, don shi Allah bai ba shi haihuwa ba.

To ni kuma ɗan kasuwar hatsi ne. Kwana ashirin ɗin nan na Kawu su ne kwana ashirin ɗin da ba na ko iya cin abinci a zaune. Sabon gero na shigowa, wake na shigowa daga Dabawa da Ɗantutture, motoci na jira, in ka juya baya wani ya ɗauke. Kowace shekara saƙonsa zai iso: dutse ya bushe. Kowace shekara in ce mako mai zuwa. In mako mai zuwa ya zo, an sa wuta. Har suna ya sa mani, Alhajin buhu.

Shekara uku da suka wuce muka yi faɗan da har yau in na tuna sai in ji kamar in tashi in bar wurin. Na zo gida da ƙaramar salla, lokacin zafi, kasuwa ta yi sanyi, na same shi a zaure.

"Kawu, yau ina da hali. Mu hau ka nuna mani, a wuce wurin."

"Yanzu ba lokaci ba ne."

"Haba Kawu, kabari ai ba ya tashi. Yana nan da bazara, yana nan da damina."

"Yana nan. Kai ne ba za ka gan shi ba."

"To kwatanta mani. Taku nawa ne daga bakin fili, gabas ko yamma, in rubuta a waya. Ko in kun hau wani ya ɗauko mani hoto."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Hoto. Uwar uwarka ce za a aiko maka a waya kamar samfurin wake? Tashi ka ba ni wuri. Ran da ka samu kwana ɗaya a lokacinshi, ka zo. In ba ka samu ba, ka bari in tahi da abina."

Ni kuma, da wautata, na ce, "Wannan ai taurin kai ne kawai." Na faɗa, a gaban mutane. Wata biyar bai amsa gaisuwata da fiye da lafiya ba. Da kansa kuma ya sauko daga fushin, ya aiko mani da zuma a kwalba lokacin da tari ya kama ni, ba tare da wani saƙo ba.

Bara na yi masa alkawari na gaske. Na ce ranar Alhamis, in sha Allahu, da sassafe ina gindin dutse. Laraba da yamma aka ce mota ta taso da wake, sai Alhamis za ta iso. Na aika a ce masa ya ƙara mani kwana biyu. An ce tun hantsi yake zaune a gindin dutsen da gora biyu, ɗaya tawa. Da saƙon ya same shi ya dubi sama, ya ga hayaƙi ya fara tashi can wajen yamma, ya ajiye gora ɗaya ya hau shi kaɗai, mutumin da ya haura tamanin. Sai gab da magariba ya sauko, yana jan ƙafa. Ya je ya faɗa wa Inna maganarsa ta kullum. Tun daga ran nan gwiwarsa ba ta sake ɗaukarsa zuwa ko masallacin Juma'a ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ni na san wanda ya karya ƙafar nan, kuma kunya ce ta hana ni yawan zuwa gaishe shi a watanninsa na ƙarshe.

Kashegarin sadakar bakwai na kasa haƙuri. Tambayar Inna ta hana ni barci, ta hana ni ciniki, mutum na yi mani magana ina duban bayansa. Na ce hawa zan yi, ko ana ruwan mene ne. Hajiya ta tare ni a ƙofa, tana cikin takaba, ta ce, "Kai ɗan nan, ko kwana goma bai yi ba za ka karya maganarshi?" Na wuce. Na hau da rarrafe, na zame sau uku, na ɗaye gwiwar hannu, wando ya yage. Na isa sama dai. Kai! Ciyawa ce kore shar ta rufe ni har ka, ba na ganin ko tafin ƙafata. Na yi ta kutsawa, ina taɓa duwatsu da ƙafa, kowanne zai iya zama shi, kowanne kuma ba shi ba. Na tsaya a tsakiyar filin nan ina kiran sunan Allah, hadari na haɗuwa, na gane cewa wataƙila a kanta nake tsaye ban sani ba. Na sauko da gindi kamar ƙaramin yaro, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a makabarta ba.

Hajiya ba ta yi mani faɗa ba. Ta ba ni ruwan zafi na gasa hannu, ta shiga ɗakin Kawu ta fito da wani tsohon gwangwanin madara.

"Ya ce in ba ka. Ban san mi za ka yi da shi ba."

Na buɗe. Irin yakuwa ne, gurguzu, busasshe, rabin gwangwani.

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce in ka hau a lokacinshi za ka gani. In ka yi gaggawa ba za ka gani ba. Ka ga kuwa ka yi."

Na sa gwangwanin a aljihu ina jin haushi. Mutum zai mutu, maimakon ya bar mani kwatance, ya bar mani irin miya.

Wata biyun da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ni da ban taɓa kula da sama ba sai don buhuna, na koma mai leƙen gajimare. Kowane kwana uku ina kan hanyar Kurfi. In je gindin dutse, in ɗora hannu inda yake ɗorawa, har wurin ya yi sulɓi saboda shekarun hannunsa. In kankari gansakuka, ta manne. In koma. Abokan kasuwa suka fara cewa ko gamo na yi. Wasu suka ce da halin da daji yake ciki yanzu wa ke hawa dutse shi kaɗai. Inna kuwa ba ta sake tambaya ba, kuma shirun nan nata ya fi tambayar ciwo. Tsorona ɗaya, kada wani ya riga ni da ashana.

Ruwa ya yi na ƙarshe. Aka ɗaure gero. Wata Asabar na kankara, gansakuka ta tashi kamar ɓawon gyaɗa. Lahadi da safe ina ɗaura takalmi waya ta yi ƙara, mota ta iso da wake, ana jirana. Na kashe wayar na miƙa wa Hajiya. Ta ba ni gorarsa da sandarsa.

Ashe dutsen nan yana da hanya. Ƙafa na kamawa, iska na kaɗawa, ramuka da sauran ruwa mai sanyi. Inda na yi rarrafe wata biyu baya, yanzu a tsaye na wuce. Na isa bakin fili. Ciyawar da ta rufe ni ta bushe ta kwanta, ta koma ruwan ƙasa tun daga nan har ƙarshen dutsen. Na tsaya ina duba, har yanzu ban san abin da nake nema ba. Duwatsu ne dai ga su nan birjik.

Sai na hango ja. Can wajen gabas, kusa da wani dutse mai tsagi, wuri ɗaya tak a duk filin. Na nufe shi, tun ina tafiya har na koma gudu. Yakuwa ce, ta kai ƙugu, ta yi zoɓo jajir, ta kewaye wani ɗan wuri mai tsawon mutum, kai kudu, an jera ƙananan duwatsu a gefensa. Da damina ganye ce kore cikin kore, na tabbata na ratsa ta gefenta ban sani ba. Da an sa wuta toka ce. Sai a 'yan kwanakin nan take nuna kanta. Shekara sittin da wani abu mutumin nan yana fasa ƙwanson da ya bushe, yana tura iri cikin ƙasa da yatsa, yana zuba saura a aljihu saboda shekarar da wuta ko birai za su cinye. Wannan da nake gani shukarsa ce ta bara, ta ranar da ya jira ni da gora biyu.

Na durƙusa na yi wa Iya addu'a, na yi wa Kawu. Na cire ciyawar da ta shiga tsakanin duwatsun. Na fasa ƙwanso na tura iri kamar yadda na ga alamar ya yi, na ƙara da na gwangwani, na cika aljihuna da sabo. Ina saukowa na hango hayaƙi ya fara tashi wajen yamma.

Ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin Inna. Tana zaune tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa a bakin ƙofa, na ce:

"Na gano Iya, tana nan inda take."

Ba ta ɗago ba da farko. Hannunta ya tsaya cikin waken. Sannan ta dubi aljihuna, ta dubi yatsuna. Ta ajiye faifan, ta kamo hannuna na dama, abin da ba ta yi ba tun ina yaro, ta juya shi ta ga jan da ya shiga har ƙarƙashin farce. Ta daɗe tana dubansa. A nan ne ta yi kukan yayanta, wata biyu da rabi bayan an rufe shi.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa, ka yafe mani abin da na ce masa a zaure. Ka haɗa shi da uwar da ya yi wa hidima ba ta sani ba. Hajiya ta ce in kawo rigar ta wanke. Na kai mata, ta dubi aljihun, ta ninke ta ta mayar mani, ta ce ita ta gama wankin wannan jan, in kai wa matata ta fara koyo.